An tura ni bautar ƙasa Enugu, Baba ya ce ba da yawunsa ba

Assalamu alaikum. Ni ɗan Kano ne, shekarata 25, na gama digiri. Takardar kiran bautar ƙasa ta fito, an jefa ni jihar Enugu, sansanin Awgu, saura mako biyu a buɗe. Iyakar tafiyata a duniya Abuja ce. Baba ya ce ba da yawunsa ba, wai ba zai miƙa ɗansa mahauta da hannunsa ba. Kullum sai ya tuna min mafarautan da aka kashe a Uromi da 'yan ɗaurin auren Zariya da aka kashe a Filato. Umma ba ta cewa komai sai hawaye. Ga zaɓen 2027 yana matsowa, an ce mu ake sawa aikin zaɓe. Wani abokina ya ce akwai mai iya mayar da ni Jigawa in na ba da kuɗi, wani kuma ya ce in aske gemu in bar kaftani da hula a gida. Ina son zuwa, ina kuma jin tsoro. Ko jaka na kasa haɗawa, sai in ɗauko kaya in sake mayarwa. Mece ce shawararku?

Wa alaikumus salam, ƙanenmu. Shawararmu ka je, amma da yardar Baba, kuma ba da gardama za ka sami yardar nan ba. Abin da yake faɗa ya faru, kada ka ce masa tsoro ne irin na manya. A ƙarshen watan Maris na 2025 an kashe mafarauta 16 a Uromi ta jihar Edo, sun taso daga Ribas za su gida yin Sallah. A watan Yunin shekarar aka tare motar 'yan ɗaurin aure daga Basawa ta Zariya a yankin Mangu, aka kashe aƙalla mutum 12. Kafin su, ranar 14 ga Agusta 2021, an kashe matafiya sama da 20 a hanyar Rukuba da ke Jos, sun baro taron zikiri a Bauchi za su Ikare ta jihar Ondo. Allah ya jiƙansu da rahama.

Alhakin jininsu yana wuyan makasansu kacokan. Dalilin da zai sa mu tono yadda abin ya auku shi ne mai shirin tafiya ya san ta inda haɗari ke ɓullowa. Mafarautan Uromi a motar ɗaukar kaya suke, da bindigoginsu na farauta, suka faɗa hannun 'yan banga a garin da masu garkuwa da mutane suka addaba. 'Yan Basawa ɓatan hanya suka yi da dare, suka tsaya tambaya a yankin da ake zaman ɗar-ɗar saboda hare-hare. Ayarin Rukuba kuwa ya ratsa ta wurin da ake cikin makokin waɗanda aka kashe a ƙauyukan Bassa. Duka ukun abu ɗaya ya haɗa su: baƙi ne, a kan hanya suke, kuma sun shiga wurin da jinin wata ta'asa bai bushe ba. Babu ɗaya da ya faru da mutum zaune a garin da aka san shi, maƙwabta na gaishe shi. Wannan bai ce zama a can ba shi da nasa haɗarin ba, an sha kai wa 'yan Arewa mazauna Gabas hari. Sai dai kaso mafi tsoka na abin tsoron yana kan titi ne da wasu ranaku sanannu, su kuma ana iya yi musu shiri.

Akwai abin da ya kamata Baba ya ji game da Enugu ɗin kanta. Magajin garinta na farko Malam Umaru Altine ne, Bafulatanin ƙasar Sakkwato da fataucin shanu ya kai shi can, mutanen garin suka zaɓe shi. Yau ma akwai Hausawa a kasuwar Gariki cikin birnin da kasuwar shanu ta Ugwuoba, akwai Sarkin Hausawa, akwai masallatan Juma'a, akwai kuma Inyamurai Musulmi 'yan asalin ƙasar a wajen Nsukka, kamar Ibagwa da Enugu-Ezike. Sannan ka riƙe wannan a ranka, zai yi maka amfani a sansani: iyayen 'yan Kudu da ake turowa Arewa irin kukan Umma suke yi. Ba su manta da masu bautar ƙasa 10 da aka kashe a jihar Bauchi a rikicin bayan zaɓen 2011 ba, ko takwas ɗin Akwa Ibom da aka sace a Zamfara a watan Agustan 2023 suna hanyar sansanin Sakkwato.

Maganar mai mayar da kai Jigawa, ka rufe ta tun yanzu. Yawancin masu wannan tallan za su karɓi kuɗinka da lambar sirrin shafinka na hukumar bautar ƙasa, NYSC, daga nan wayarsu ta daina shiga. Wasu takardar asibiti ta bogi za su haɗa maka, alhali a sansani likitoci ne ke tantance masu neman sauyi saboda rashin lafiya, in asiri ya tonu kai za a hukunta, ba dillalin ba. Takardar bogi ba ta ruɓewa, tana nan tana jiran ranar da ka zama wani: Kemi Adeosun tana ministar kuɗi ta ajiye muƙami a watan Satumban 2018 a kan takardar yafewar bautar ƙasa da aka gano jabu ce. Sauyin jiha na halas kyauta ne, dalilansa kuma sanannu ne: rashin lafiya mai hujja, aure ga mace, da matsalar tsaro. Amma sai ka je sansanin da aka tura ka, an yi maka rajista an rantsar da kai, sannan ka nema. Kada ka ɗora rai a kan dalilin tsaro, an fi sauraren waɗanda aka tura jihohin da ke fama da ta'addanci. In kuwa ka ƙi zuwa gaba ɗaya, sai ka sabunta rajista ka jira wani rukunin, kuma babu mai ba ka tabbacin ba za a sake jefa ka inda ya fi Enugu nisa ba.

Wannan ne ma ƙofar da za ka bi wa Baba. Kada ka nemi ya amince da shekara guda a zama ɗaya. Ka nemi mako uku na sansani, inda akwai katanga da sojoji da 'yan sanda, da alkawarin za ka cika takardar neman sauyi tun kana ciki, in ka fito kuma a sake zama a duba. Kada ka tunkare shi kai kaɗai. Ka sami baffanka ko kawunka da yake jin maganarsa, ko limamin unguwa, in da hali a haɗa da wani da ya yi bautar ƙasa ko fatauci a Gabas ya dawo lafiya. Ka rubuta tsarin tafiyar a takarda: ranar tashi, tashar da za ka hau, gidan da za ka kwana, sunan mai karɓarka da lambarsa. Uba yakan sassauta in ya ga ɗansa ya yi tunanin abin da shi yake tsoro. In duk an yi wannan ya kafe, kada ka saci jiki. Jinkirin wata uku ko huɗu ya fi sauƙi a kan ka yi shekara a ƙasar mutane da fushin mahaifi a kanka.

To, hanya. Daga Kano zuwa Awgu ya haura kilomita 800, kuma kuskuren da sababbin matafiya ke yi shi ne su shanye shi a tashi ɗaya. Manyan motocin safa da ke lodi a New Road ta Sabon Gari da yamma suke tashi, su kwana suna gudu. Sun fi araha, amma ba naka ba ne. Hukumar NYSC da kanta ta daɗe tana cewa in ƙarfe shida na yamma ta yi a yada zango, a kwana a masaukin masu bautar ƙasa, ofishin hukumar, ko barikin jami'an tsaro. Ka raba tafiyar gida biyu. Ranar farko ka yi asubanci daga Unguwa Uku ko Na'ibawa zuwa Abuja, ka isa da rana tsaka, ka kwana gidan wanda aka sani. Da yammar ka je Utako, inda kamfanonin motocin Gabas suke da tashoshinsu, ka yanki tikitin motar farko ta washegari. Motar farko muka ce, domin ta biyu sai ta cika take tashi, tana iya kaiwa goma na safe tana jiran mutum biyu, kuma awa ukun nan da aka ɓata a tasha su ne za su sa magariba ta same ku a daji.

Daga Abuja hanya biyu ce. Ɗaya ta bi Keffi, Akwanga, Lafiya, Makurɗi, Otukpo. Ɗayar ta bi Lakwaja, Ajaokuta, gadar Itobe, Ejule. Duka suna haɗuwa wajen Obollo-Afor, su gangara 9th Mile, su shiga Enugu. Ka tambayi mai sayar da tikiti wacce direban zai bi, sannan ka bi labaran kwana uku na baya a kan garuruwan da ke kanta. In an kai hari a wani ƙauyen Binuwai a makon, kamar yadda aka yi a Yelwata da ke kan titin Lafiya zuwa Makurɗi a watan Yunin 2025, matasa kan tare hanya cikin fushi, sai ka zaɓi motar Lakwaja. In ƙarshen damina ne kuma kogi ya cika, Lakwajar ce abin dubawa, a 2012 da 2022 ruwa ya shanye titin har motoci suka kwana a wajen Kotonkarfe. Akwai yanke da direbobi ke so daga Opi ta Ugwuogo Nike zuwa cikin Enugu, an sha sace mutane a kansa. In rana ta yi sanyi, ku fasinjoji ku haɗa baki ku ce a bi ta 9th Mile. Daga Enugu zuwa Awgu kamar awa ɗaya ce a kan babban titin Fatakwal. In la'asar sakaliya ta yi muku a birni, ka kwana a can, sansani ba zai gudu ba.

Ka lissafa kwanakin yadda Litinin ba za ta same ka a kan titin Gabas ba. Tun ranar 9 ga Agusta 2021 ƙungiyar IPOB mai fafutukar kafa ƙasar Biyafara ta fara dokar zaman gida ta ranar Litinin. Gwamnatin Enugu ta ce ta soke ta a 2023, cikin birni kuma an koma harkoki, amma a wasu ƙauyuka da hanyoyin da ke tsakanin jihohi har yanzu mutane na kaffa-kaffa da ranar. Haka ma 30 ga Mayu, ranar tunawa da Biyafara: duk shekarar hidimarka ka ɗauke ta ranar zaman ɗaki.

A tasha ka rubuta sunanka na gaskiya da lambar wanda zai ɗaga waya a takardar fasinjoji, ka ɗauki hoton lambar motar ka tura gida. Kada ka hau motar bakin hanya, kada ka hau tirelar shanu ko ta albasa ko da kyauta ce kuma direban ɗan unguwarku ne. Kada ka karɓi saƙon kowa a ƙulle, in aka buɗe a shingen bincike naka ne. Ku yi ƙa'ida da gida: za ka kira a Kaduna, a Abuja, a Lakwaja ko Makurɗi, a 9th Mile, sai a ƙofar sansani. Ka gaya musu akwai wuraren da babu sabis, shirun awa biyu ba musiba ba ne, in ba haka ba hawan jinin Umma zai riga ka isa. Ku kuma ajiye wata tambaya da kai kaɗai ka san amsarta, saboda 'yan damfara masu kiran iyaye su ce ɗanku ya yi haɗari ko yana hannunmu, a turo kuɗi. Layi biyu na kamfani daban-daban, fawa banki a cike, lambobi biyu a haddace a ka. Lambar gaggawa ta ƙasa 112 ce, ta jami'an kiyaye haɗura 122.

In kuka hango hayaƙin taya da taron matasa a gaba, abin yi ɗaya ne: direba ya juya zuwa gari na baya mai ofishin 'yan sanda ko shingen soja. Ba a sauka kallo, ba a ɗaga waya ɗaukar bidiyo, ba a yarda wani ɗan acaɓa ya ja mota ta hanyar daji. In an ɓata hanya, a gidan mai ko wurin jami'an tsaro ake tambaya.

Sallah ba za ta gagare ka ba. Tafiyarka ta ninka nisan ƙasaru sau da yawa, malamanmu na Malikiyya mil 48 suka ƙayyade, wajen kilomita 80. Direban motar Gabas ba zai tsaya don sallah ba, amma zai tsaya cin abinci, galibi sau ɗaya. Ka fito da alwala, in an tsaya ka fara da sallah, ka haɗa azahar da la'asar raka'a bibbiyu, abinci ka ci a mota. A irin wuraren nan da wuya ka rasa mai shayi ko mai tsire Bahaushe da ɗan masallacinsu a gefe. Ka gaya wa na kusa da kai inda ka nufa kada a tashi a bar ka. Da ka shiga sansani ƙasaru ta ƙare, tunda zaman ya wuce kwana huɗu.

Jakar da ta gagare ka haɗawa, fara da takardu: takardar kira, koren katin rajista, sakamakon kammala karatu, katin shaidar makaranta, takardar lafiya daga asibitin gwamnati ko na soja, katin NIN, da ƙananan hotuna aƙalla takwas. Kowace takarda ka yi mata kwafi biyar, ka ɗauki hotonta a waya, na asalin su zauna a leda cikin ƙaramar jakar da ba ta rabuwa da jikinka. Fararen riguna da gajerun wanduna huɗu-huɗu, domin waɗanda za a ba ka biyu ne kuma ba lallai su yi maka daidai ba. Ka ɗinka naka su sauka gwiwa. Farin takalmin roba mai saurin bushewa, jakar ƙugu, gidan sauro, tocila, kwaɗo, maganin zazzaɓin cizon sauro da na gudawa. Bokiti da buta ka saya a can. Guzuri mai jure kwanaki: kilishi, dambun nama, ƙuli-ƙuli, garin kunu, dabino, yaji. Kuɗi ka raba uku, na hannu, na cikin jaka, na banki. Alawus yanzu naira 77,000 ne a wata, ka ware kuɗin motar komawa Kano tun daga na farko, ka manta da su.

Abin da za ka bari a gida ya fi wannan muhimmanci. Wuƙa kowace iri, har 'yar ƙaramar da Bahaushe ke sawa a aljihu don fere rake. Duk wani tufa mai zanen kakin soja. Laya, guru, kambu, ƙullin garin magani marar suna: in wata gwaggo ta kawo don ƙauna, ka karɓa ka gode ka ajiye, domin ɗan bangan da ya zazzage jakarka a ƙauye ba zai karanta su yadda ita ta nufa ba. Sannan wayarka. Ka zauna ka share duk bidiyon 'yan bindiga, gawarwaki, makamai da wa'azin zafi da rukunonin WhatsApp suka zuba maka ba ka ma sani ba, ka kashe saukar hotuna kai tsaye. Doka ba ta ba kowane jami'i damar bincika waya haka kawai ba, amma a bakin titi ana yi, kuma bayanin cewa turo maka aka yi ba ya shiga kunne a lokacin.

Gemu kuwa bar abinka. Sunanka yana kan katinka, harshenka zai faɗi garinku kafin ka gama gaisuwa, kuma mutumin da aka ga yana ɓoye asalinsa ya fi jawo zargi. Ranar tafiya ka sa kaya marasa jan ido, riga da wando sun fi sauƙin zama a mota ma. Kaftani biyu da hula su shiga jaka don Juma'a. Hular da ba za ta bi ka ba ita ce ja. A Kano tambarin Kwankwasiyya ce, a ƙasar Ibo kuma ta masu sarauta ce, saurayi baƙo ya ɗora ta raini ne. Haka duk riga, hula ko sitika mai hoton ɗan takara. Kakin bautar ƙasa in an ba ka, na wurin aiki ne da ranar taro. A doguwar tafiya ya zauna a jaka, katin shaida a aljihu.

Ranar da ka shiga sansani ka nemi 'yan MCAN, ƙungiyar Musulmi masu bautar ƙasa. Su suka san inda ake sallah, wace rumfa ce a kasuwar sansani ke dafa abin da za ka ci hankali kwance, kuma suna da masauki a birni da za ka sauka in an fito kafin ka sami ɗaki. Amma kada ka maƙale a cikinsu kaɗai. Wanda zai buga maka waya ya ce yau kada ka fito, ɗan gari ne, ba ɗan Kano ba. In an tura ka wurin aiki, makon farko ka gabatar da kanka ga jami'in NYSC na ƙaramar hukuma, shugaban wurin aikin, mai gidan da kake haya, Sarkin Hausawan yankin in akwai, da basaraken garin, wanda suke kira Igwe, in shugaban makaranta zai raka ka. Ka koyi gaisuwa da godiya da harshensu. Ka tambayi abin da garin ya haramta: ranakun fitowar dodanni, inda ba a shiga, dabbar da ba a kashewa. In dodo ya fito ka kauce, ba hoto, ba dariya. In wurin da aka tura ka ƙauye ne mai nisa da ba ka natsu da shi ba, ana iya karɓar takardar ƙin karɓa daga wurin aikin a kai ofis a sake maka wani, wannan hanya ce da aka sani.

Za a kira ka aboki, wani da wasa wani da raini, ka amsa wa na farkon ka share na biyun. Za a tambaye ka makiyaya, Boko Haram, shari'a, kisan Deborah Samuel a Sakkwato a 2022, tikitin Musulmi da Musulmi na 2023. Wani dattijo zai kawo maka kashe-kashen 1966 da yaƙin 1967 zuwa 1970, wataƙila a gidansu an rasa mutane. Ba a aiko ka kare Arewa ba, ba kuma a aiko ka tsine mata ba. Wanda ya faɗi rashin da ya yi, ka yi masa ta'aziyya da gaske, ka gaya masa mutanen Zamfara da Katsina da Borno ma suna binne nasu. Wanda ya zo da neman sani, ka amsa gwargwadon iliminka, ku biyu, ba a tsakiyar taro ba. Wanda ya zo da tsokana, musamman a wurin shan giya ko gidan kallon ƙwallo, ka tashi. In wani ya taɓa mutuncin Annabi, sallallahu alaihi wa sallam, zuciyarka za ta tafasa, mun sani. Ka bar wurin, ka kai maganar ga shugabannin MCAN da jami'an hukumar. Kada ka ɗaga hannu, kada ka ɗora a Facebook da sunan mutumin, domin abin da ka rubuta a Awgu yana iya tayar da wuta a Sabon Gari kafin dare, wutar kuma ta dawo kan masu shayi da masu facin takalmin da ke kusa da kai. Kai ma kada a ji bakinka a kan cocinsu ko fastonsu, in kuma a aji aka sa ka, darasinka kawai.

Aikin zaɓe ba a ɗaure mutum a kai shi. Hukumar zaɓe, INEC, kan buɗe shafin ɗaukar ma'aikatan wucin gadi, mai so ya yi rajista ya halarci horo. Galibi masu bautar ƙasa ake ba shugabancin rumfa: ka kwana a cibiyar rarraba kaya daren jajibiri, ka riƙe na'urar tantance masu zaɓe ta BVAS, ka ƙirga ƙuri'a a gaban jama'a, ka cika takardar sakamako ta EC8A wakilan jam'iyyu su sa hannu. A ganinmu, a halin da gidanku ke ciki, wannan ne abin da za ka sadaukar wa Baba: ka yi masa alkawarin ba za ka yi ba. Kuɗin bai kai ba, kuma Bahaushe Musulmi riƙe da sakamakon rumfa a ƙauyen da ake ganin an yi musu fashin zaɓen baya yana ɗauke da zargin da ba shi ya jawo ba. In daga baya ka ga garin ya karɓe ka har kana so ka yi, da sanin Baba, to a ƙaramar hukumar da aka san fuskarka, ka tafi ka dawo a motar INEC, in 'yan daba suka zo ɗaukar akwati ka sakar musu, rahoto kawai hukuma ke bukata daga gare ka.

Ka lura, ranar jefa ƙuri'a ba ita ce mafi zafi ba. A 2011 an yi zaɓen shugaban ƙasa ranar 16 ga Afrilu lami lafiya a yawancin wurare, sai da sakamako ya fara fitowa wuta ta tashi, ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam ta Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe sama da mutum 800 a jihohin Arewa 12 cikin kwana uku. Saboda haka zaɓi biyu gare ka: ko ka nemi izini a rubuce ka taho gida mako guda kafin zaɓe, ko ka tanadi abinci da ruwa da katin waya na mako guda ka zauna inda kake har kwana uku bayan an sanar da wanda ya ci. Mafi muni shi ne ka tsorata a tsakiya ka hau titi ranar da ake faɗin sakamako. Izinin nan kada ka raina shi, ko don zuwa Sallah ne: fita daga jiha ba da sanin hukuma ba, ko tsallake tantancewar wata-wata, yana jawo tsayar da alawus da ƙarin watannin hidima.

Abu uku ne za su sa mu ce ka ɗage tashi ko da an gama shiri: an sa dokar hana fita a wani gari da ke kan hanyarka, an yi wani kisa mai launin addini ko ƙabila a ko'ina a ƙasar cikin kwana biyu ko uku da suka wuce har ana maganar ramuwa, ko motar safe ta kuɓuce maka. Rajista a sansani takan ɗauki kwanakin farko kafin ranar rantsuwa, ranar rufewa tana rubuce a sanarwar hukumar, ka duba ta ka bar wa kanka rarar kwana ɗaya a lissafi. Ka kuma leƙa rukunin waɗanda aka tura Enugu daga makarantarku, ku haɗu ku uku ko huɗu ku hau mota ɗaya daga Abuja, ka ba Baba lambar iyayen ɗaya daga cikinsu su riƙa magana. Allah ya kai ka lafiya ya dawo da kai lafiya, a gaida su Baba da Umma.